Faffaɗan Harafi da Makomar Ƙugiya: Nazari daga Allunan Ƙaraye da Rogo

Manufar wannan maƙala ita ce duba wani salon haruffan boko da ya yawaita a allunan shaguna da fastocin siyasa, da abin da yake yi wa rubutun Hausa. Salon kuwa shi ne na manyan haruffa masu kauri da faɗi, waɗanda aka gina da miƙaƙƙen layi da da'ira da murabba'i, ba da bin tafiyar alƙalami ba.

Asalinsa daga Turai yake. A 1927 aka fitar da Futura na Paul Renner a Jamus. Sa'an nan a Italiya Alessandro Butti da Aldo Novarese suka zana Microgramma a 1952, daga bisani Novarese ya faɗaɗa shi ya zama Eurostile a 1962. A wannan na ƙarshe harafin O ba da'ira ba ne, murabba'i ne mai dasassun kusurwoyi, kamar fuskar talabijin ta wancan zamani. Shi ya sa masu fina-finan sararin samaniya da kamfanoni suka riƙe shi alamar ci gaba.

To, waɗanda suka zana su ba su yi da Bahaushe a rai ba. Haruffanmu masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutu ne a shekarun 1930, zamanin da Dokta R. M. East yake shugabancin Hukumar Talifi a Zariya. A siririn harafin littafi ƙugiya tana samun wurin lanƙwasa. A kakkauran harafi kuwa fili ya ƙare: in an yi ta ƙarama ta toshe ta zama ɗigo, in an yi ta babba Ɗ da Ɓ su ci wurin maƙwabcinsu na hagu. Galibin irin waɗannan haruffa ma ba su da ita sam. Sai kwamfuta ta aro ramammen Ƙ daga wani salon ta dasa a tsakiyar kalma, ko mai bugawa ya yar da ƙugiyar ya huta.

Alal misali, masarautar da dokar Jihar Kano ta 2024 ta sake kafawa a kan Ƙaraye da Rogo, sunanta da ƙugiya yake farawa, haka ma "ƙaramar hukuma". Rogo ba ta da asara a nan, amma yaron da ya tashi yana ganin KARAYE a allon bakin hanya, da wace hujja malami zai ci gyaransa a aji? Balle inda ma'ana ke sauyawa, kamar baƙi da baki, ko ƙafa da kafa.

A ganina laifin ba na kauri ba ne. Rubutun Kano na allo da na Alƙur'ani kakkaura ne ainun, amma alaramma ba ya yar da ɗigo, domin tun wajen feƙe alƙalami ya yi lissafinsa. Haka Hermann Zapf bai yar da ƙugiya ba a shekarun 1980 da ya zana haruffan Pan-Nigerian. Mai zanen allo da buroshi a kasuwar Rogo yana da wannan damar fiye da mai kwamfuta, in dai an koya masa ƙa'idar rubutu tun a firamare.