Sulhun Bashi: Rabin Nan da Aka Yafe, Ya Yafu?

A Tsaskiya, kamar sauran ƙauyukan Safana da Batsari, in ka ambaci sulhu hankali daji yake tafiya, musamman tun zaman da gwamnatin Katsina ta Masari ta yi da 'yan bindiga a 2019. Akwai kuwa wani sulhun da ya girme shi, wanda ake ƙullawa a zauren mai unguwa tsakanin mai bin bashi da wanda ake bi. Shi ma yana warwarewa, kuma galibi a kan kalma guda.

Mu ɗauka ana bin manomi naira dubu 200, maharan daji sun hana shi noma gonarsa. Dattawa suka sa baki, mai kuɗi ya ce: "Kawo ɗari da kaka, na bar maka sauran." Kaka ta wuce shiru. Yanzu ɗari ake binsa ko ɗari biyu?

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan Shari'a na Katsina ke bi, bai bar wannan a duhu ba. A Mukhtasar na Khalil, sulhu a kan wani ɓangare na haƙƙi kyauta ce, a kan wani abu daban kuwa ciniki ne ko haya. Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426, ta hana rushe sulhun da ya ƙullu. Saboda haka in mai kuɗi bai gindaya sharaɗi ba, ɗarin da ya yafe ta tafi. In kuwa cewa ya yi "muddin ka biya da kaka", saɓa alkawari na dawo da bashin cif. Abin da ke damuna shi ne, shaidun zaure ba su cika riƙe "muddin" ɗin nan ba. "Alhamdu lillahi, an daidaita" suke tunawa.

Wani tarkon kuma: a mayar da bashin kuɗi ya koma buhunan gero da za a kawo baɗi. Malikiyya sun hana, don sauya bashi da wani bashin ne.

Ina kira ga masu unguwanni da limamai: kafin a shafa fatiha, a rubuta adadi da rana da abin da zai biyo baya in an saɓa, ko da ajami ne, shaidu biyu su sa hannu. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta riga ta umarci a rubuta bashi.