Boys' Brigade a Arewacin Najeriya

Boys' Brigade ƙungiya ce ta yara maza da samari da ke aiki a ƙarƙashin coci. Tana haɗa koyarwar addinin Kirista da fareti, kiɗan badujala, wasannin motsa jiki da zaman sansani a waje. A Arewacin Najeriya an fi kiran mambobinta da 'yan Birged, kuma ana samun su a majami'u irin su ECWA, COCIN, EYN da Angilika.

Tarihi

William Alexander Smith ne ya kafa ƙungiyar a birnin Glasgow na ƙasar Sikotland ranar 4 ga Oktoba, 1883. Smith malamin makarantar Lahadi ne, kuma hafsa a rundunar sojojin sa kai. Da ya ga manyan yara ba sa natsuwa a aji, sai ya shigo da fareti domin koya musu ladabi da biyayya. A shekarar 1886 ya kai yaran sansaninsu na farko a Tighnabruaich da ke gaɓar teku, daga nan zaman sansani ya zama al'adar ƙungiyar.

Ta girmi ƙungiyar Sikawut. Robert Baden-Powell ya zama mataimakin shugaban Boys' Brigade a 1903, kuma Smith ya ƙarfafa masa gwiwa ya rubuta littafin horar da yara wanda ya fito a 1908, ya zama tushen Sikawut. A wannan shekarar ta 1908 ne aka buɗe reshen farko a Najeriya, a Legas. Daga baya ƙungiyar ta bi sawun majami'u da makarantun mishan zuwa Arewa. Takwararta ta 'yan mata, Girls' Brigade, ta fara a Dublin a 1893.

Tambarin ƙungiyar anka ce, wato ƙarfen da ake jefawa cikin ruwa don tsayar da jirgi. An ɗauko ma'anar daga Ibraniyawa 6:19. An ƙara jan gicciye a tambarin a 1926, lokacin da ta haɗe da Boys' Life Brigade.

Tsari

Reshen kowace coci ana kiransa kamfani, kyaftin ne ke jagorantarsa, fasto kuma shi ne malamin addini na kamfanin. Kamfanonin yanki ɗaya su ke haɗuwa su zama bataliya. Manyan yara kan samu muƙamin kofur ko saje, su riƙa kula da ƙanana. Duk da waɗannan sunaye da kakin da suke sawa, ƙungiyar ba ta soja ba ce, ba ta kuma koyar da riƙe makami.

Ayyukan waje a cikin shekara

Yanayi da hutun makaranta su ke tsara ayyukan. Da damina yara da yawa a karkara suna gona tare da iyayensu, don haka atisaye yakan koma yamma ko ƙarshen mako. Dogon hutu na watan Agusta yana ba da damar zaman sansani, amma saboda ruwan sama akan fi kwana a azuzuwan makaranta ko harabar coci maimakon tanti. Bayan kaka, idan hanyoyi suka bushe, tattaki da ziyarar kamfanonin ƙauyuka kan yi sauƙi, sai dai sanyin hunturu na sa a nemi bargo da itacen jin ɗumi. A lokacin Kirsimeti da Ista 'yan Birged kan jagoranci jerin gwano da ganguna da begila, su kuma taimaka wajen tsara zama a taro, biki da jana'iza.

Ranar sansani takan fara da addu'ar asuba da motsa jiki, sai duba tsafta, nazarin Littafi Mai Tsarki, darasin taimakon gaggawa da fareti. Yaran da kansu suke ɗebo ruwa, su share wuri, su taya girki.

A ƙasar Zuru

Masarautar Zuru tana kudancin Jihar Kebbi, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Zuru, Danko-Wasagu, Fakai da Sakaba. Garin Kanya yana cikin Danko-Wasagu. Musulmi, Kiristoci da masu bin addinin gargajiya suna zaune tare a yankin, sau da yawa a dangi ɗaya. Mishan na United Missionary Society sun fara aiki a Zuru a shekarun 1920, kuma daga aikinsu ne cocin UMCA ta samu gindin zama a yankin.

Horar da samari a rukuni ba baƙon abu ba ne ga Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna. A al'adar golmo samari kan yi shekaru suna noma tare a gonakin surukai kafin aure, ga kokawa da bikin Uhola. An kuma san mutanen Zuru da shiga aikin soja tun zamanin Turawa, shi ya sa fareti ya saba wa ido a garuruwansu.

Matsalar tsaro

Ayyukan waje suna buƙatar hanya mai lafiya da wurin kwana amintacce, abubuwan da hare-haren 'yan bindiga suka taɓa a kudancin Kebbi. A watan Maris na 2022 an kashe sojoji da 'yan sanda a wani artabu a Kanya, sannan a watan Nuwamba na 2025 aka sace ɗalibai mata daga makarantar kwana ta Maga a wannan ƙaramar hukuma. A irin wannan hali, kai yara daji su kwana abu ne da iyaye da shugabannin coci ke yi wa dogon tunani. Jerin gwano a gari ma yana da nasa haɗarin: a daren Ista na 2019 a Gombe, wata mota ta kutsa cikin ayarin 'yan Birged, yara da dama suka rasa rayukansu.