Idan Garkuwar Jiki Ta Juya Kan Mai Ita

A cikin jininka akwai masu tsaro da ake kira garkuwar jiki. Aikinsu shi ne kashe ƙwayoyin cuta da suka shigo daga waje. Amma wani lokaci sukan rikice, su afka wa jikin da suke tsaro, kamar karen gida da ya ciji maigidansa. Likitoci sun san cututtuka fiye da 80 masu irin wannan hali. A cikinsu akwai amosanin gaɓoɓi mai kumbura yatsu, da lufus, da ciwon sukari irin na yara, da farin tabon fata da ake kira bitiligo. Ga maganganu biyar da za ka ji a gari, ga kuma gaskiyarsu.

"Sammu ne, ko jifa."

Ba wanda ya yi maka asiri, ba kuma laifin da ka yi. Ciwon yakan bi jini a wasu gidaje, kuma ya fi kama mata. A cikin mutum 10 masu lufus, kusan 9 mata ne. Kuɗin da za ka kashe wajen karya sammu, gara ka zo da su a auna jininka.

"Ana ɗauka."

Ba a ɗauka. Ku ci a kwano ɗaya, ku kwana ɗaki ɗaya. Ciwon ba kanjamau ba ne. Farin tabon bitiligo kuma ba kuturta ba ce. Tabon kuturta yakan mutu, ko an shafa masa auduga ba ya ji, amma na bitiligo yana ji sarai. Duk da haka, ka kawo kowane tabo a duba.

"Ai lafiyarta lau, ƙyuya ce."

Ciwon yakan lafa, ya sake tashi. Mai amosanin gaɓoɓi takan farka da yatsu a sandare, ta yi awa guda ko fiye kafin ta iya riƙe taɓarya. Gajiyarta ta gaske ce. Ku rage mata daka da ɗaukar ruwa a ranakun da ciwon ya motsa.

"Na ji sauƙi, na bar magani."

Sauƙin da ka ji aikin maganin ne. Yawancin waɗannan cututtuka ba a raba mutum da su gaba ɗaya, amma ana danne su ya yi noma, ya yi kasuwa. In ka bari, ciwon zai ci gaba da cin gaɓoɓi ko ƙoda a ɓoye. Yaro mai ciwon sukari yana bukatar allurar insulin kowace rana, in ya rasa ta ransa yana cikin haɗari.

Ka yi hankali da ƙwayoyin ƴan tebur, musamman dexamethasone da prednisolone. Suna kwantar da ciwo da sauri, amma shan su ba bisa ƙa'ida ba yana kawo hawan jini, da ciwon sukari, da raunin ƙashi. In ka daɗe kana sha, kada ka tsaya rana ɗaya. Likita ne zai rage maka sannu a hankali. Methotrexate kuma sau ɗaya ake sha a mako, ba kullum ba.

"Ba za ta haihu ba."

Mata da yawa masu lufus ko amosanin gaɓoɓi sun haihu lafiya. Abin da ake so, ke da maigidanki ku ga likita tun kafin ki ɗauki ciki, domin methotrexate yana cutar da ɗan tayi, sai an canza miki magani.

Yaushe za ka zo asibiti?

In gaɓoɓi sun kumbura fiye da mako 6, ko ƙuraje sun fito a kumatu suna ƙaruwa da rana, ko ƙafafu sun kumbura fitsari yana kumfa, ko yaro yana rama da yawan ƙishirwa da fitsari, kada ka jira. Ka zo da duk magungunan da kake sha, har da na gargajiya, mu gani.