Odaw: Kogin da Teku ke Tare wa Hanya a Akara

Mai tsayawa kan gadar Kwame Nkrumah Circle ya leƙa ƙasa ba zai ce kogi yake gani ba. Baƙin ruwa ne cikin kwatar siminti, ledojin fiya wata da robobi sun rufe shi. Amma Odaw kogi ne na asali. Daga tsaunukan Akwapim yake gangarowa, ya ratsa Achimota da Alajo, ya karɓi ruwan babbar kwatar Nima, ya wuce Agbogbloshie, sannan ya zuba a tafkin Korle, inda bakinsa ya haɗu da teku.

A nan bakin ne matsalar take, kuma mu da kakanninmu suka zo daga Arewa ba mu saba da ita ba. Kogin da muka sani gangara kawai yake yi. Ita kuwa teku sau biyu take cika ta janye a kowace rana, cikarta kuma ta fi ƙarfi lokacin tsayuwar wata da daren sha huɗu. Idan ta cika, sai ta danne bakin tafkin, ruwan kogi ya rage gudu. A ce mamakon watan Yuni ya sauka a daidai wannan lokaci, ga yashi da shara sun cinye zurfin kwata, to ruwan ba shi da inda za shi sai ɗakunan mutane.

Da can Korle wurin kamun kifi ne, kuma 'yan ƙabilar Ga, masu garin, suna girmama shi a al'adarsu. Bayan Turawa sun mayar da Akara babban birni a 1877 gari ya yi ta faɗi. Asibitin Korle Bu ya tashi kusa da tafkin a 1923, Sabon Zongo ma tana nan maƙwabtaka. Sannu a hankali aka gine fadamun da ke shanye ruwa.

An ga sakamakon a daren 3 ga Yuni, 2015. Ruwa ya cika Circle, jama'a suka fake a wani gidan mai, man fetur ya bi saman ruwa, wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 suka rasu. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don gyaran kwarin Odaw, ana kuma yashe shi lokaci zuwa lokaci. To amma katafila ba za ta iya da gari guda mai jiran hadari ya haɗu ya juye kwandon shara a kwata ba. Wannan ɗabi'a, gaskiya, har a unguwanninmu akwai ta.

Mazauna bakin kwata su kula da hasashen yanayi daga Mayu zuwa Yuli. Ruwa na fara shigowa a kashe wuta daga mita, a kwashe yara zuwa tudu. Kada a ratsa ruwan da ba a ganin ƙasansa, domin kwatocin a buɗe suke, kuma wanda ya ji warin fetur a kan ruwa ya yi nisa da wurin nan take.