Firinta Da Araha, Tawada Da Tsadar Tsiya

Duk wanda ya shiga kasuwar Computer Village da ke Ikeja ko ya bi ta titin Beirut a Kano zai ga 'yan ƙananan na'urorin buga takardu, waɗanda aka fi sani da firinta, an jera su cikin kwalaye, kuɗinsu kuwa bai kai na wayar hannu mai ɗan kyau ba. Malamin makaranta, da ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu, da ɗan kasuwa mai son buga rasiɗi, kowa sai ya ga ai ga dama ta samu. To amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Ranar da tawadar da ta zo da na'urar ta ƙare, mai ita ya koma kasuwa, sai a gaya masa kuɗin 'yan akwatunan tawada biyu, baƙa da mai launi, waɗanda 'yan kasuwa ke kira katirij, ya ji sun kusa kama kuɗin na'urar ɗungum.

Wannan kuwa ba kuskure ba ne, haka aka shirya cinikin tun daga masana'anta. Shugaban kamfanin HP na wancan lokaci, Mista Enrique Lores, ya faɗa da bakinsa a gidan talabijin na CNBC cikin Janairun 2024 cewa kamfaninsa faɗuwa yake yi a kan na'urar, a kan tawada yake cin riba, har ya nuna cewa mai sayen da ba ya yawan bugu ko ba ya amfani da tawadarsu asara ne gare su. Dabara ce tsohuwa. Fiye da shekara 100 da suka wuce kamfanin mai na Standard Oil ya riƙa raba fitilu a ƙasar Sin da araha, wani lokaci ma kyauta, don dai mutane su dawo sayen kananzir.

Tawadar Cikin Cokali

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne ƙarancin abin da ke cikin akwatin. Wasu ƙananan katirij na baƙar tawada mililita 2 kacal ke ciki, watau ko rabin cokalin shayi bai kai ba, kuma masu yin su sun ce za su buga kamar shafi 120. Ke nan kafin mutum ya cinye rim ɗaya na takarda mai warƙa 500 sai ya sayi katirij huɗu har da ɗoriya. Wannan ma lissafin shafin gwaji ne mai ɗan rubutu sama-sama; in hoto ne ko katin biki, tawadar ba ta zuwa ko'ina. Wanda ake sakawa cikin kwali tare da sabuwar na'ura kuwa sau da yawa bai kai na sayarwa cika ba, shi ya sa yake ƙarewa tun ɗokin sabon abu bai saki mai shi ba.

A shekarar 2021 ƙungiyar kare masu sayayya ta Ingila mai suna Which? ta yi lissafi, ta ga akwai tawadar kamfanin Epson da in da za a auna ta da lita, kuɗinta zai haura fam 2,000 kowace lita. Ita ma takwararta ta Amurka, Consumer Reports, ta gano a 2013 cewa a na'urori da dama, in ana bugu jefi-jefi, rabin tawadar ko fiye ba ya sauka a kan takarda. Na'urar ce ke zubar da ita wajen wanke bakinta don kada ya toshe. Wannan ya fi shafar mutanen Arewa, inda iskar hunturu da zafin bazara ke busar da tawada da wuri.

Su dai kamfanonin suna da tasu hujjar. Sun ce tawadar ba ruwan zane ba ce kawai; dole ta jure zafi, ta fita ta ƙofofin da suka fi gashi siranta, ta bushe nan take, kuma binciken wannan yana cin kuɗi masu yawa tun daga 1984 da HP ya fito da ThinkJet. Akwai gaskiya a ciki. Amma in da tsadar sarrafawa ce kaɗai, da ba a sha wahalar toshe wa masu yin tawada mai araha hanya ba.

Kulle Da Shari'a

Yawancin katirij na yanzu suna ɗauke da wani ɗan ƙaramin maɓallin lantarki da ke gaya wa na'ura ko na kamfani ne ko na waje. Cikin Satumban 2016 ɗimbin na'urorin HP suka daina karɓar tawadar da ba ta kamfanin ba, bayan wani gyara da aka tura musu ta intanet. Da jama'a suka yi ca, kamfanin ya ba da haƙuri kan rashin bayani, amma bai bar tsarin ba. A Disamban 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci HP tarar yuro miliyan 10 saboda rashin sanar da masu saye yadda ya kamata. Kafin nan, a 2017, Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a ƙarar da ke tsakanin Lexmark da Impression Products cewa da zarar kamfani ya sayar da katirij, ba zai fake da dokar mallakar fasaha ya hana a sake cika shi a sayar ba.

Akwai kuma wani kulle da masu sayen kayan tokumbo ya kamata su sani. An raba duniya shiyya-shiyya, har katirij iri ɗaya yakan zama lamba 61 a Amurka, 301 a Yammacin Turai, 122 a Afirka da Gabas ta Tsakiya. Wanda ya sayi na'urar da aka kwaso daga Landan, ya sa mata tawadar kasuwar Legas, tana iya ƙin karɓa.

A Nijeriya abin ya zama biyu, ga tsadar kamfani ga ta canji. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 cikin 2024, kuma kusan duk tawadar nan daga waje ake shigo da ita. Shi ya sa sana'ar ɗura tawada da sirinji ta bunƙasa, jabu kuma ta cika kasuwa cikin kwalaye masu kama da na asali. Ɗuri yana rage kashe kuɗi, amma in tawadar ba ta da kyau takan toshe bakin na'urar, gyaran ya fi sayen sabuwa tsada.

Mafita

Kamfanonin da kansu sun ga masu saye sun gaji. A 2010 Epson ya fara sayar da firinta mai tanki a Indonesiya, inda mutane suka daɗe suna haɗa wa na'urorinsu kwalabe da siraran robobi. Daga baya Canon da HP da Brother suka bi sahu. Irin wannan ta fi tsada a ranar saye, amma kwalbar baƙar tawada mai mililita 65 an ƙiyasta za ta buga shafi wajen 4,500. Wanda kuma aikinsa baƙin rubutu ne zalla, firinta mai aiki da garin tona ta fi masa, don gari ba ya bushewa ko an ajiye na'urar wata da watanni, sai dai ta fi jan wuta, abin lura ga mai ƙaramin janareto.

Saboda haka kafin mutum ya zaro kuɗi, ya fara tambayar lambar katirij ɗin, da kuɗinsa, da yawan shafin da yake bugawa, sannan ya raba ya ga nawa kowane shafi zai tsaya masa. Ya kwatanta da abin da ake karɓa a shagon buga takardu na unguwarsu. Wanda bai wuce shafi 10 ko 20 a wata ba, sau da yawa zai ga shagon ya fi masa sauƙi. Wanda kuwa bugu ne aikinsa kullum, ya daure ya tara ya sayi mai tanki, don Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida.