Niyya Kaɗai Ba Ta Gina Tukunya

A farkon kowace shekarar karatu mukan dawo makaranta da kyakkyawar niyya. Wani ya ƙudura zai gyara lissafinsa, wata ta ce za ta daina makara, wani kuma ya yi alkawari ba zai ƙara satar amsa ba. Amma kafin hutun farko yawancin alkawuran sun bi iska. Mene ne dalili? Dalilin shi ne mun ɗauki niyya tamkar ita ce aikin, alhali kuwa ita mafari ce kawai.

Bari mu ɗauki misali daga takardar naira ashirin. Tun shekarar 2007 akwai hoton wata mata a bayanta tana gina tukunya. Ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga garin Kwali, wadda aka haifa wajen 1925. Ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya a hannun wata daga cikin iyayenta mata. Sarkin Abuja na wancan lokaci, Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a fadarsa saboda kyansu, a nan ne kuma wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar koyon ginin tukwane da ya buɗe a Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. Ko da yake ta riga ta gwanance, sai ta sake zama ɗaliba, ta koyi sababbin dabaru. An nuna aikinta a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a 1984.

Yanzu mu duba yadda ake gina tulu irin nata. Sai an haƙo yumɓu, an tsince tsakuwa, an kwaɓa shi sosai. Sa'an nan a riƙa murza shi ana ɗorawa kaɗan kaɗan, magina tana kewaya tulun tana shafe shi. A bar shi ya bushe a hankali kafin a gasa. In aka yi garaje aka sa shi a wuta da danshi, fashewa zai yi. Haka niyyarmu take, akwai matakan da ba a tsallake su.

Na farko, mu rage niyyar ta zama aikin yini guda. "Zan ci jarrabawa" buri ne, amma "yau zan yi lissafi biyar" aiki ne. Wanda ya yi biyar kullum, cikin kwana 90 ya yi 450. Da yayyafi kogi kan cika.

Na biyu, mu ba aikin lokacinsa da wurinsa. Abin da muka ce za mu yi "in mun sami sarari" ba ya yiwuwa, gama sarari ba ya zuwa da kansa. Mu ce, bayan abincin yamma, a aji, minti talatin.

Na uku, mu tsince tsakuwar da ke cikin halinmu. Ƙarya, ƙyuya da son banza su ne ke fasa aiki ranar da ya shiga wuta. Ɗalibin da ya kwafi aikin gida ya ruɗi malami, amma a ɗakin jarrabawa shi kaɗai zai zauna. Gaskiya, haƙuri da riƙon amana a ƙananan abubuwa ake koyon su, kamar sharar ɗaki da mai da littafin aro.

Na huɗu, kowane dare mu tambayi kanmu ko mun cika abin da muka ce. In mun kāsa, kada mu fid da zuciya. Magina ba ta barin sana'a don tukunya ɗaya ta fashe, sai ta sake kwaɓa yumɓu da safe.

Malamai da iyaye, mu ma wannan magana ta shafe mu, gama yara sun fi koyi da abin da suka ga muna yi. Ku kuma masu fita bana, kafin ku rufe wannan littafi, kowa ya rubuta abu guda da zai yi gobe, da lokacin da zai yi shi. Allah ya ba mu ikon cikawa. Amin.