AMSOSHIN TAKARDUNKU: 'Yar kwamfutar da ke kunna famfo da fitilun gida

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomin rani kuma mai kiwon kaji, ya rubuto yana cewa ɗansa da ke karatu a birni ya zo masa da labarin wata kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba, wai za ta riƙa kunna masa famfon rijiyar burtsatse da fitilun ɗakin kaji ko da ba ya gida. Yaron yana neman kuɗin saye. Shi ne yake tambaya, shin gaskiya ne, ko kuwa asarar kuɗi zai yi?

AMSA: To Malam, ɗanka bai yi maka ƙarya ba. Akwai wannan na'ura, kuma wadda aka fi sani sunanta Raspberry Pi. Wata gidauniya ce a garin Kambirij na ƙasar Ingila ta ƙirƙiro ta, ƙarƙashin jagorancin wani masani mai suna Eben Upton, domin yara 'yan makaranta su sami abin koyon kwamfuta mai araha. An fara sayar da ita a watan Fabrairun 2012 a kan dalar Amurka 35. Girmanta kamar na katin cirar kuɗi a banki ne, ba ta zuwa da allon kallo ko madannai, falle ɗaya ne kawai da aka jera wa kayan aiki. Cajar waya mai ƙarfi ita ke ba ta wuta, umarnin da take bi kuwa a kan katin memori ake rubuta shi, irin wanda kake sa wa wayarka.

Abin da ya raba ta da kwamfutar ofis shi ne wasu 'yan ƙusoshi guda 40 da ke jere a gefenta. Ta nan take ji, ta nan take ba da umarni. Alal misali, sai a haɗa mata 'yar na'ura mai auna zafi a ɗakin kaji, a rubuta mata cewa in zafi ya wuce kaza ki kunna fanka, in sanyi ya yi yawa ki kunna ƙwan ɗumama. Ka san 'yan tsaki a makonsu na farko suna son ɗumi kamar digiri 32 zuwa 35, sanyin asuba lokacin hunturu kuwa ba ya jiran ka farka. Akwai wata manhaja kyauta mai suna Home Assistant, wadda aka fara a 2013, da ake ɗora wa na'urar, sai mutum ya ga komai a fuskar wayarsa. A cikin gida tana aiki ko babu intanet. Amma in kana so ka duba daga kasuwar wani gari, to dole sai an sa mata hanyar intanet, kuma kai za ka riƙa sayen data.

Yanzu ka saurara da kyau, don nan ne wurin da rai yake. Wutar da ke fita daga ƙusoshin nan bolt 3.3 ce kacal, ba ta kai ta batirin tocila uku ba. Wutar gida kuwa, a Nijeriya da Nijar, tana tsakanin bolt 220 da 240. Wanda ya haɗa su kai tsaye ya ƙona na'urar nan take, in ya yi rashin sa'a ya haɗa da kansa. Tsakaninsu ake sa wani makunni da masu gyaran lantarki ke kira rile. Kwamfutar ta taɓa rile da 'yar wutarta, shi kuma ya buɗe ko ya rufe hanyar babbar wuta. Ƙaramin rile ya isa fitila ko fanka. Famfon burtsatse kuwa yana jan wuta mai yawa lokacin tashi, sai an ƙara masa babban makunni da ake kira kontakta, in ba haka ba rile ɗin ya narke ko ya manne, famfo ya yi ta aiki har ya ƙone. Ɓangaren 'yar wuta ɗanka zai iya yi da kansa. Ɓangaren babbar wuta kuwa, ko da shi ne na ɗaya a ajinsu, a kira ƙwararren mai aikin wayarin, a biya shi.

Ba ka faɗa mana wane irin famfo gare ka ba. In injin ban ruwa ne mai shan fetur, wanda sai an ja igiya ya tashi, wannan kwamfuta ba ta da hannun jan igiya. Na lantarki ko na sola kaɗai za ta iya sarrafawa.

Sai maganar ɗauke wuta, wadda masu tallar kayan nan ba su cika ambata ba. Na'urar ba ta son a yanke mata wuta tana tsakiyar aiki, don katin memorin yana iya lalacewa, washegari a iske ta ƙi tashi. Bayan wannan, samfuran da suka fito kafin Raspberry Pi 5 ta 2023 ba su da agogon da ke ci gaba da tafiya bayan an kashe su. In wuta ta dawo kuma babu intanet, ba ta san ƙarfe nawa ba ne, sai ka ga fitilar da aka ce ta kama bayan magariba ta kama da rana tsaka. Maganin duka biyun ba shi da wuya: a ɗora ta a kan batirin sola ta hanyar abin da zai rage wutar zuwa bolt 5, a kuma saya mata ɗan agogo mai nasa ƙaramin batir. Ba ta cin wuta sosai, kamar ƙwan fitila ɗaya ne na zamani. A sa ta cikin akwati mai 'yan ramukan shan iska, a inuwa, nesa da ƙurar ɗakin kaji da haƙoran ɓera.

Amma Malam, kafin ka kwance bakin aljihu, zauna da yaron ku lissafa aikin da kuke so a yi. In cika tanki ne kawai, akwai makunni mai yawo a kan ruwa, tanki ya cika ya kashe famfo, ruwa ya yi ƙasa ya kunna, babu ruwansa da kwamfuta. In fitilar ƙofar shago ce, akwai makunni mai gane duhu, akwai kuma mai agogo, duk ana samunsu wurin masu sayar da kayan lantarki, kuma duk mai gyara ya san su. Kwamfutar tana cin kuɗinta ne in ayyukan sun yi yawa kuma sun dogara da juna, ko in kana son ka san abin da ke faruwa a gida kana nesa. Ka kuma tambayi kanka, ran da ta lalace yaron yana makaranta, wa zai duba ta a ƙauyenku?

Mu dai shawararmu, in kun yanke za ku saya, a fara da fitila ɗaya mai aiki da batir, a bar ta ta yi wata guda ana lura da ita. In ba ta saɓa ba sai a matsa zuwa ɗakin kaji, famfo ya zo daga ƙarshe. Duk abin da aka haɗa mata kuma, ka ce wa mai wayarin ya bar maka makunnin hannu a gefe, wanda kai ko uwargida za ku iya dannawa da tsakar dare ba sai an nemi kowa a waya ba.